Zanen Hansai a Jirgin Barsudan

Mu uku muka baro gida da niyyar Makka, amma mu biyu muka shiga jirgin ƙasa a Lubayya, can cikin ƙasar Sudan, ni da surukina. Duk wanda ya san Fulanin Rawayau, da ya ji haka ya san da magana.

Ni sunana Lawal, baduku ne ni daga Kurfi, kuma ban taɓa jin kunyar cikina ba. A kasuwar Dutsin-Ma a tsaye nake cin tsire, ina ci ina ciniki, mai na zuba a gemu. Shi kuwa Baffa, Bafulatanin Rawayau, mahaifin matata Hansai, shekara bakwai ina auren ɗiyarsa ban taɓa ganin muƙamuƙinsa ya motsa ba. Ba ya ci a gaban jama'a, ba ya sha a kasuwa, balle a gaban suruki. Sunana ma bai taɓa fita daga bakinsa ba. In yana son magana da ni sai ya dubi gefe ya ce, "A hwaɗa ma Na Kurfi kaza," ko da kuwa daga ni sai shi a wurin. Hansai kuma 'yar farinsa ce, ita ma ba ya kama sunanta, "yarinyar nan" yake ce mata.

Shekara biyu muna hanya. Yarwa, Fallomi, Abashe, Janena, Fashir, in guzuri ya ƙare mu tsaya mu yi aiki, in ya samu mu hau mota. Duk wannan tafiya ban taɓa tunanin yadda Baffa ke cin abinci ba, domin Hansai ta ɗauke mini. Tana da wani baƙin zanen saƙi mai ratsin fari. Duk inda mota ta tsaya sai ta nemi ƙaya biyu, ko ta kafa sandarsa da tawa, ta rataya zanen. Baffa ya zauna a baya, ta durƙusa ta tura ƙwarya ta ƙarƙashi ta ce, "Baffa, ga ruwa." Ko tuwo ne haka take cewa. In ya gama ya turo ƙwaryar da ɗan saura a ciki, ita ke shanyewa, domin ragowar Baffa ta 'ya'yansa ce, ba a ba wani. Ni kuwa ina can gefen direbobi ina tsokanarta, ina cewa ta gina wa tsoho gidan sarki.

A Nuhud, kafin mu kai Lubayya, zazzaɓi ya kama ta. Kwana shida ta yi, ran na bakwai muka kai ta makwancinta. Ba zan tsaya a nan ba, don har yau ba na iyawa. Matan zango suka ɗaure kayanta a ƙulli ɗaya suka miƙo mini. Ban kwance ba, Baffa bai tambaya ba, haka na riƙa yawo da shi a kai.

A Lubayya abin bai dame mu ba sosai, domin kowa da bukkarsa a zangon Takari, wato mutanenmu da suka daɗe a hanyar Makka. Nakan ajiye masa akushi a bakin ƙofa, in yi gyaran murya, in tafi kasuwa ɗinkin takalma. In na dawo in tarar da akushin a waje an wanke. Wata biyar muka yi a haka. Kurkunu ya fito masa a ƙafa, ya kumbura har ba ya takawa sai da sanda, amma ya ce a tafi, ba zai mutu bai ga Ɗakin Allah ba.

Wani dillalin zango, Allah ya isa tsakanina da shi, shi ya ce mana daga Lubayya zuwa Barsudan, bakin teku, kwana ɗaya ne da yini. Na yi guzuri daidai haka. Na daka gumba da hannuna, matan zango na yi mini dariya, na sayi dabino, na cika buta, na sa ƙwarya da ludayi a jaka. Na yi tunanin komai, ban da wuri ɗaya: inda tsohon zai zauna ya ci.

Taragonmu na talakawa ne, dogon ɗaki guda ba shamaki, bencin katako suna fuskantar juna. Mutane a benci, mutane a ƙasa, mutane a kan kaya, har da akuya. Da ƙyar na sama wa Baffa kusurwa jikin taga, na ɗora ƙafarsa a kan ƙullin Hansai, ni kuma na tsuguna a gabansa, gwiwata na taɓa tasa. Tun da nake ban taɓa kusantarsa haka ba. Ya juya fuska waje, ni na juya tawa ciki.

Jirgi bai yi nisa ba Larabawan taragon suka fara kwance abinci. Mutanen kirki ne ta wannan fanni, ba sa ci su kaɗai. Wannan ya miƙo kisira, wata siririyar wainar dawa mai tsami, wancan ya turo kwanon dafaffen wake da man riɗi da albasa. Yawuna ya tsinke. Amma yaya zan tauna, suruki na kallon ƙeyata? Na ce na ƙoshi. Aka miƙa wa Baffa, ya ɗaga hannu ya dubi silin ya ce, "A hwaɗa masu ina azumi."

Na yarda. Tsoho ne mai ibada, hanyar Makka ce. Da rana ta faɗi na dama gumba na ajiye kusa da shi, na ratsa ta kan ƙafafun mutane ina shan zagi har bakin ƙofar tarago, na tsaya can na cusa dabino a baki kamar ɓarawo. Na daɗe da gangan. Da na dawo ƙwarya wayam, na ce alhamdu lillahi. Sai wata mata da ke goye da jariri ta yi ta yi mini godiya da Larabci tana nuna cikinta. Ashe sadaka ya yi da ita.

Washegari muka haye babbar gadar Kosti. Ruwa iya ganinka, farin ruwa mai kyau, mu kuwa muna wucewa ta kansa da busasshen maƙogwaro. A tashar nan babu abin da babu: masu shayi da ƙananan kofuna na gilashi, masu dafaffen ƙwai, masu soyayyen kifi, gurasa, kankana. Na ga wasu matan makiyaya da ƙoren nono a ka, na ga idon Baffa ya bi su har suka ɓace. Na san abin da ya tuna, don ni ma shi na tuna: inuwar tsamiyar nan ta bakin kasuwar Dutsin-Ma inda matan Rawayau ke jera ƙore, Hansai a cikinsu, ranar da na fara zuwa sayen furar da ba na bukata. Na sauka na sayo nonon. Na ajiye, na sake gudu bakin ƙofa. Na dawo na tarar da shi yadda na bar shi, ƙuda sun rufe.

Na dubi taga na ce, "Ko a tuna ma Baffa matahiyi ba ya azumi."

Ya dubi tasa tagar ya ce, "A hwaɗa ma Na Kurfi an ji."

Abin da ke riƙe da shi kawai alwala ce. Na lura in ya kai ruwa baki don kurkurewa, ba duka yake zubarwa ba. Na ce to, ko wannan ma wani abu ne. Na dinga tuna masa lokacin salla tun bai yi ba.

A Sannar aka kwance taragonmu aka ɗaura a wani jirgin. Nan wata dattijuwa ta shigo, ƙatuwa, da kwando da tukunya, ta tsaya tsakiyar tarago ta ce da Hausa, "Kai, ku matsa, ba gidan ubanku ba ne." Wallahi sai da ƙwalla ta zo mini, na daɗe ban ji zagi mai daɗi haka ba. Hajiya Dije sunanta, mutuniyar Jibiya, shekara ashirin tana tuyar ƙosai a ƙasar. Ita ta fara gaya mini gaskiya. Na ce mata yau da dare muna Barsudan ko?

Ta ce, "Wa ya hwaɗa maka? In Allah ya so ku, jibi da marece. In jirgin ya ga dama."

Ta dubi Baffa, ta dubi nonon da ya tsinke, ta dube ni. Ta ce a hankali, "Mi ne ne naka?"

Na ce, "Surukina ne."

"Ina ɗiyar?"

"Tana Nuhud."

Ba ta sake tambaya ba, ta gane wane irin zama ake yi a Nuhud.

A Gadarif aka yi mini ta'asar da har yau in na tuna sai na ciji yatsa. Randar da ke ƙarshen tarago ta ƙare tun safe, har ana kankare gindinta da kofi. Cunkoso ya hana sauka. Wani mutum mai farar riga tas da rawani ya zo jikin taga yana nuna famfo, yana karɓar butocin mutane. Na ga kamala, na miƙa masa tamu. Na bi shi da ido har ya wuce famfon, ya wuce ofishin tasha, ya sha kwana. Jirgi ya yi kuka ya tashi. Na zage shi da Hausa, na zage shi da ɗan Larabcin da na iya, na haɗa da kakanninsa. Buta dai ta tafi, alwala ta koma taimama, ɗan kurɓin da tsohon ke sata ya yanke.

Daga Kasala ƙasa ta canza. Babu itace, babu gari, sai duwatsu baƙaƙe da rairayi. Tashoshin ma ɗaki ɗaya ne da tankin ruwan jirgi, ba mai sayar da ko ƙwayar gyaɗa. Iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu. Na buɗe bargona na ce ko Baffa zai lulluɓa, don ya samu ya ɗan jiƙa maƙoshi da shayin da Hajiya ta taho da shi ba mai gani. Ya ture da bayan hannu ya ce, "A tambayi Na Kurfi, amarya aka kawo mashi?" Muryar ta riga ta shaƙe, amma tsiyar na nan.

Rana ta uku da hantsi jirgi ya tsaya a tsakiyar babu. Aka ce kan jirgin ne ya lalace, sai an turo wani. Zuwa azahar jarirai sun daina kuka sai nishi. Na dubi Baffa, na ga leɓɓansa sun tsage, idanunsa sun faɗa, yana magana shi kaɗai yana kiran sunayen shanunsa da ya sayar tun a gida. Hajiya ta taɓa goshinsa ta ce, "Ɗan nan, bai zufa. In bai sha ruwa yau ba, nan za ka gina mashi."

Na ɗauki ƙwarya na dira ta taga. Rairayi ya ƙone mini tafin ƙafa, na bi jikin jirgi da gudu har gaba, wajen taragon manya. Ashe akwai tarago guda na cin abinci kawai. Na leƙa ta gilashi na ga tebura da fararen ƙyallaye, fanka na juyawa, wani mutum na yanka nama da wuƙa da cokali mai yatsu, ga tulun gilashi a gabansa har yana raɓa don sanyi. Jirgi ɗaya muke ciki da wannan mutumin. Na hau matakala, wani ma'aikaci mai jar ɗamara ya tare ni, ya nemi tikiti, ya gani, ya nuna mini baya da haɓa. Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da Annabi. Ni da ko a gaban hakimi sai an taɓa ni nake durƙusawa, na zube a rairayi ina ɗaga ƙwarya. Ya rufe ƙofa.

Ina nan durƙushe na ji an yi tsaki daga wata ƙaramar taga. Kukun taragon ne, wani baƙin tsoho mai tsage uku a kowane kunci. Ya miƙo hannu ya karɓi ƙwaryar, ya cika ta, ya jefa wani dunƙulen ƙanƙara a ciki, ya yi mini alamar in ɓace. Ban san sunansa ba, amma ban taɓa ɗaga hannu a Arfa ko a masallacin Kurfi ban sa shi ba.

Na dawo ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, na rufe ƙwaryar da hulata, mutane na miƙo hannu ta tagogi ina yi kamar ban gani ba. Ni kaina harshena ya manne, amma ban kurɓa ba. Hajiya ta karɓa ta taga, ta jawo ni ciki. Na durƙusa gaban Baffa na kai masa ƙwaryar har gemu. Ya buɗe ido ya ga ruwan, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Sai ya juya fuska jikin bango.

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na manta da duban gefe, na manta da "a hwaɗa ma". Na dube shi ido cikin ido, karo na farko a duniya, na ɗaga murya har taragon ya yi tsit.

"Baffa, don girman Allah ka sha! Wace kunya ta rage? Hansai ta mutu! Ni da kai muka zuba mata ƙasa. Babu aure, babu surukuta, ni ba kowanka ba ne yanzu, baduku ne kawai na Kurfi. Ka sha, kar ka sa in gina kabari na biyu da hannun nan!"

Sannan ya juyo, shi ma ya dube ni, ba gefe ba. Muryarsa da ƙyar take fita.

"Na sani ta mutu. Kai ka ɗauke ta, ni na bi ku a baya." Ya numfasa. "Shanu sun tahi, gida ya yi nisa. Abin da ya rage mani nata a duniya, kunyar nan ce da nike ji taka. In na sha gabanka, ita ma ta tahi. Ka bar mani ita."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na ji tausayi, na kuma ji tsoro, domin na gane mutumin nan da gaske ya gwammace ya mutu. Wata biyar ina ganin taurin kai ne irin na Fulani. Na sunkuyar da kai don kada ya ga hawayena, sai idona ya sauka a kan abin da ƙafarsa ke kai.

Na ajiye ƙwaryar a hannun Hajiya. Na ɗaga ƙafarsa a hankali na zaro ƙullin. Matan Nuhud sun ɗaure shi tam, sai da na sa haƙori. Da ya buɗe, ƙanshinta ya bugo ni, hayaƙi da man shanu, na ji kamar an nushe ni a ƙirji. Ga 'yan warwaronta, ga mataji, ga baƙin zanen a ninke a ƙasa. Na warware shi. Na soke gefe ɗaya da basillata a katakon taga, ɗaya gefen na rasa inda zan kama. Wani Balarabe da tun Lubayya muke faɗa da shi kan wurin ƙafa ya miƙe, bai san me ake yi ba, ya dai karɓa ya riƙe, ya juya baya. Kusurwar ta rufe, Baffa ya ɓace a bayan zane.

Na gaya wa Hajiya yadda ake yi. Ta marmasa sauran gumbar a ruwan, ta dama da ludayi, ta tattara jikin nan nata ta durƙusa a inda babu wurin durƙuso. Ta tura ƙwaryar ta ƙarƙashin zanen ta ce, "Baffa, ga ruwa."

Na juya baya na zauna a ƙasa. Shiru. Ba na jin komai sai ƙuda. Na ce a raina, ya Allah, in ya ƙi wannan ba ni da wata dabara. Can sai na ji wani sauti daga bayan zanen, ba na sha ba, irin wanda babba ke yi in yana danne kuka. Ya daɗe yana yi. Daga nan na ji ludayi ya taɓa ƙwarya. Na ji kurɓi ɗaya, na ji na biyu. Na ƙirga har goma sha ɗaya, na kifa kai a gwiwa.

Hajiya ta dafa kafaɗata ta ce, "To, kai kau sai ka mutu don shi rayu? Rabonka da ruwa tun jiya." Na ce ta bar ni, zan nema in an isa wata tasha.

Sai na ji wani abu ya taɓa mini baya. Na waiga. Ƙwaryar ce aka turo ta ƙarƙashin zanen, da saura a ciki kamar ludayi huɗu, da ɗan guntun ƙanƙarar da bai gama narkewa ba. Na zaci so yake a ɗauke. Na miƙa hannu zan ba Hajiya, sai muryarsa ta fito daga bayan zanen, a shaƙe, yana magana da iska yadda ya saba.

"A ce ma yaron nan shi shanye."

Ban san lokacin da na ɗaga ƙwaryar da hannu biyu ba. Na shanye, gumba da ruwa da hawayen da ke zuba a ciki, ban bar ko ɗigo ba.